Babi Na Uku: Ziyarar Kwazazzabon Tseyi da Matsayin Labaran Fatalwa a Cikinsa

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi bayani ne a kan kwazazzabon da ake kira Canyon de Chelly, wanda yake cikin hamadar arewa maso gabashin jihar Arizona ta ƙasar Amurka. Wurin ya yi suna ta fuskoki biyu. Ta fuska ta farko, masu yawon buɗe ido sukan je can domin tattaki da kallon tsofaffin gine-ginen da mutanen da suka yi a jikin duwatsu. Ta fuska ta biyu kuwa, akwai labarai masu yawa da suka shafi matattu da fatalwa waɗanda ake dangantawa da kogwannin wurin da kufansa.

Abin da babin yake son ya tabbatar shi ne, waɗannan labarai suna da aikin da suke yi wa al'ummar da ta mallake su, wato ƙabilar Nabaho. Wasunsu sun ginu ne a kan imanin ƙabilar game da mutuwa, wasu suna adana tarihin kisan da aka yi wa kakanninsu, wasu kuma na tarbiyyar yara ne. Domin a fito da wannan a fili, za a fara da ma'anar muhimman kalmomi, sannan a duba yanayin wurin da mazaunansa. Daga nan sai a kawo rabe-raben labaran, a kuma nuna yadda suka shafi tsarin ziyarar wurin.

3.1 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Kwazazzabo wani kwari ne mai zurfi da tsayi wanda ruwa ya zaizaye a tsawon zamani, har gefunansa biyu suka zama kamar bango. A wannan babi ana nufin irin wanda ruwa ya yanka a cikin dutse, ba irin wanda ake gani a bakin gona bayan damina ba.

Tattaki kuwa shi ne doguwar tafiya da ƙafa. A nan an yi amfani da kalmar ne ga tafiyar da mutum yake yi da gangan a daji ko kan duwatsu domin motsa jiki da kallon halitta.

Fatalwa, a wurin Bahaushe, ita ce surar mamaci da ake cewa takan dawo ta bayyana ga masu rai ta firgita su. An ari wannan kalma ne saboda ita ce ta fi kusa, amma abin da Nabaho suke nufi ya ɗan bambanta da haka, kamar yadda za a gani a gaba.

Game da sunan wurin, Nabaho suna kiran sa Tseyi, wato cikin dutse. Sifaniyawa da suka iso yankin suka ji sunan suka rubuta shi daidai da harshensu, daga baya Amurkawa suka gaje shi a rubuce a matsayin Canyon de Chelly, ana kuma furta ƙarshensa da "di-Shei". A sauran babin za a riƙa amfani da sunan asali, wato Tseyi.

3.2 Wurin da Yanayinsa

Tseyi yana kusa da garin Chinle, a tsakiyar ƙasar Nabaho, wadda ita ce yanki mafi girma da aka keɓe wa wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka. Ƙasar ta ratsa jihohin Arizona da New Mexico da Utah, kuma hedikwatar mulkinta tana garin Window Rock. A haƙiƙa kwazazzabai ne da dama suka haɗu, manya daga cikinsu su ne Tseyi kansa, da Canyon del Muerto a ɓangaren arewa, da kuma Monument Canyon.

Rafukan da suke gangarowa daga duwatsun Chuska su ne suka yanka waɗannan kwazazzabai. Dutsen da suka yanka jan dutsen yashi ne, wanda masana ilimin ƙasa suka ce asalinsa tarin rairayi ne da ya daskare fiye da shekaru miliyan 250 da suka wuce. A bakin kwazazzabon kusa da Chinle tsayin bangon bai wuce mita 9 ba, amma idan aka nutsa ciki yakan kai mita 300. Tun da dutsen yashi yana da saurin ɓarewa, sai aka sami manyan rumfuna da kogwanni a jikin bangon, waɗanda ruwan sama ba ya shiga cikinsu. A cikinsu ne mutanen da suka gina gidajensu, suka kuma binne matattunsu.

Duk da cewa yankin hamada ne, ƙasan kwarin yana da damshi, ana noma masara da kabewa da 'ya'yan itatuwa, ana kuma kiwon tumaki. Wurin tudu ne ƙwarai, domin garin Chinle ya ɗara mita 1,600 daga saman teku. Saboda haka akan yi zafi mai tsanani a tsakiyar shekara, a kuma yi sanyi har da ƙanƙara a watannin Disamba da Janairu. A ranar 1 ga Afrilu, 1931, gwamnatin Amurka ta mayar da wurin cikin wuraren tarihi na ƙasa, da faɗin eka 83,840. Sai dai kuma ƙasar ta ci gaba da zama mallakar Nabaho, hukumar kula da gandayen shaƙatawa ta Amurka tana gudanar da wurin ne tare da su.

3.3 Mazauna Kwazazzabon

Binciken masana tarihi ya nuna cewa mutane sun zauna a Tseyi kusan shekaru 5,000 a jere. Mafarauta ne suka fara zama, bayansu aka sami masu saƙar kwando waɗanda suka fara noman masara. Daga wajen shekara ta 750 zuwa 1300 sai aka sami waɗanda suka gina gidajen dutse da laka a cikin rumfunan bango. Su ne kakannin ƙabilun Pueblo na yau, ciki har da ƙabilar Hopi. A da akan kira su Anasazi, kalmar Nabaho da ake fassarawa da kakannin abokan gaba, amma jikokinsu ba su son wannan suna, shi ya sa masana suka rage amfani da shi.

Mafi shahara daga gine-ginensu shi ne wanda ake kira Farin Gida, saboda farin shafe da aka yi wa bangon wani ɗaki na sama. An fara gina shi wajen 1060, aka kuma bar shi wajen 1275. Barin nasa ya zo daidai da wani dogon fari da aka yi a yankin daga 1276 zuwa 1299, wanda yana cikin dalilan da masana suke kawowa na ƙaurar mutanen zuwa kudu. Bayan tafiyarsu Hopi sun riƙa zuwa suna noma a kwarin lokaci-lokaci.

Nabaho, waɗanda suke kiran kansu Dine, wato mutane, sun zauna a Tseyi ne daga wajen 1700. Ke nan sun tarar da kufan wata al'umma da ba tasu ba, da kaburbura a cikinsu. Wannan batu yana da muhimmanci wajen fahimtar labaran da za a kawo. Har yanzu kuma akwai iyalan Nabaho da suke da gonaki da garken tumaki a ƙasan kwarin.

3.4 Rabe-Raben Labaran

Idan aka yi la'akari da tushensu da kuma aikin da suke yi, za a iya kasa labaran Tseyi gida uku kamar haka:

3.4.1 Labaran da Suka Ginu a Kan Imani Game da Mutuwa

A imanin gargajiya na Nabaho, idan mutum ya mutu akwai wani abu da yakan fita tare da numfashinsa na ƙarshe, wanda suke kira cindi. Cindi ba shi ne ran mamacin gaba ɗaya ba. Shi ne abin da ya rage na sharri da rashin daidaito a rayuwar mutumin, yakan kuma maƙale a gawar da kayan mamacin da wurin da ya mutu. A nan ne ya bambanta da fatalwa, domin ba sai an gan shi da ido ba kafin ya cutar. Sun yi imani cewa wanda ya tsufa tukuf ya mutu don tsufa ba ya barin cindi, haka ma jaririn da ya koma kafin ya yi kukan farko.

Wannan imani ya haifar da al'adu masu yawa. A da, idan aka ga majinyaci ya kusa cikawa akan fitar da shi waje. In kuwa ya cika a cikin ɗakinsu na gargajiya da ake kira hogan, sai a huda bango ta arewa a fitar da gawar ta nan, a bar ɗakin har abada. Mutane kaɗan ne suke yin jana'iza, kuma ana guje wa ambaton sunan mamaci. A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, sau da yawa Nabaho sukan roƙi Turawa 'yan kasuwa da 'yan mishan su binne musu matattu domin kada su taɓa gawa. Haka nan wasu sukan ɗauki ƙaramar guguwar da take tashi da ƙura a fili a matsayin alamar cindi.

Wanda ya yi cuɗanya da gawa ko kufai ana jin tsoron ya kamu da ciwon fatalwa, wanda alamominsa suka haɗa da munanan mafarkai da kasala da rashin cin abinci da jin kamar an shaƙe mutum. Maganinsa yana hannun masu waƙoƙin warkarwa da ake kira hatali. Idan mamacin baƙo ne, ba ɗan ƙabilar ba, akan yi wani biki na kwanaki a lokacin zafi mai suna Hanyar Abokin Gaba, wanda ake yi wa sojojin da suka dawo daga yaƙi ma. Manufar bikin ita ce a mayar da mutum cikin hozho, wato zaman daidaito da lafiya tsakaninsa da duniya.

Sakamakon wannan imani a Tseyi shi ne, Nabaho sun yi kusan shekaru 200 suna maƙwabtaka da gidajen mutanen da ba tare da sun riƙa shiga suna tone su ba. Tonon ya zo ne da zuwan baƙi. A 1882 ayarin James Stevenson na cibiyar Smithsonian ya sami busassun gawarwaki biyu a wani kogo, daga nan aka sa wa reshen arewa suna Canyon del Muerto, wato kwazazzabon mamaci a harshen Sifaniya. Bayan haka 'yan kasuwa da masu bincike suka kwashi kayayyaki da ƙasusuwa zuwa gidajen tarihi. A 2011 gwamnatin Nabaho ta shigar da ƙara tana neman a mayar da ragowar gawarwakin da aka ɗebe daga kwazazzabon. Ya kamata a lura cewa ba dukkan Nabaho na yau suke riƙe da wannan imani yadda yake a da ba, domin da yawa sun shiga addinin Kirista, kuma mutuwa a asibiti ta sauya al'adun jana'iza. Duk da haka, kunyar matattu da nisantar kufai suna nan da ƙarfinsu.

3.4.2 Labaran da Suke Adana Tarihi

Kashi na biyu ya ƙunshi labaran wuraren da aka zubar da jini. Na farko shi ne Kogon Kisan Gilla a Canyon del Muerto. A watan Janairun 1805, wani hafsan Sifaniya mai suna Antonio Narbona ya jagoranci sojoji zuwa cikin kwazazzabon, a lokacin da ake ta hare-hare da kamun bayi tsakanin Sifaniyawan New Mexico da Nabaho. Jama'a suka ɓuya a wata rumfa can sama a jikin bango. Sojojin suka gano su, suka riƙa harbi daga bakin gaɓa. A rahoton da Narbona ya aika ya ce ya kashe mutum 115, wato mayaƙa 90 da mata da yara 25, ya kuma kama 33.

Labarin baka na Nabaho ya saɓa wa wannan rahoto. Su a wurinsu mazaje sun tafi farauta a lokacin, yawancin waɗanda aka kashe mata ne da yara da tsofaffi. Suna kuma kiran wurin da wani suna mai ma'anar inda biyu suka faɗo, saboda wata mata da aka ce ta rungumi sojan da ya hawo, suka faɗo tare daga kan dutsen suka mutu. Har yanzu ana iya ganin tabon harsasai a bangon rumfar. Bugu da ƙari, akwai wani zane a jikin dutse a cikin wannan reshe wanda yake nuna mahaya dawakai da bindigogi da huluna irin na Sifaniyawa, ana kuma danganta shi da wannan hari.

Na biyu shi ne abin da ya faru a 1864. A watan Janairun wannan shekara Kanar Kit Carson, bisa umarnin Janar James Carleton, ya kawo sojojin Amurka Tseyi. Dabarar da aka yi amfani da ita ita ce ta yunwa: aka ƙone gidaje da amfanin gona, aka kashe dabbobi, a cikin shekarar kuma aka sare dubban itatuwan fich da Nabaho suke ji da su. Wasu mutane suka hau wani katafaren dutse da ake kira Dutsen Ganuwa da tsani, suka janye tsanin. Labarin baka ya nuna cewa da dare sukan jeru a jikin dutsen suna miƙa wa juna tuluna domin ɗebo ruwa daga rafi, alhali sojoji suna barci a ƙasa.

Waɗanda yunwa ta sa suka miƙa wuya an kora su da ƙafa fiye da kilomita 480 zuwa Bosque Redondo, kusa da Fort Sumner a New Mexico. Wannan ita ce Doguwar Tafiya. An tsare fiye da mutum 8,000 a can, kuma sama da 2,000 sun mutu saboda yunwa da cututtuka. A ranar 1 ga Yuni, 1868, aka sa hannu a kan yarjejeniya tsakanin Janar William Sherman da shugabannin Nabaho, wadda ta ba su damar komawa gida. Babban mai magana da yawunsu a wannan zama shi ne Barboncito, wanda haifaffen Tseyi ne.

Idan aka dubi waɗannan abubuwa biyu, za a ga cewa labaran jin kuka ko kururuwa da ake dangantawa da waɗannan wurare suna da tushe a tarihi tabbatacce. Al'ummar da ba ta rubuta tarihinta a littafi ba a wancan lokaci ta adana shi ne a sunayen wurare da zane da kuma nisantar inda aka kashe mutanenta. Ke nan abin da baƙo yake ɗauka labarin ban tsoro, a wurin mai gida maganar makoki ce.

3.4.3 Labaran Tarbiyya

Kashi na uku ya fi fitowa fili a labarin Dutsen Gizo-gizo. Wannan wani siririn dutse ne da ya miƙe shi kaɗai kimanin mita 230, a inda Tseyi ya haɗu da Monument Canyon. Nabaho sun yi imani cewa a kansa ne Uwar Gizo-gizo take zaune, wadda tana cikin halittu masu tsarki a addininsu na gargajiya, kuma ita ce ta koya musu saƙa. Matsayinta ya sha bamban da na Gizo na tatsuniyoyin Hausa, wanda aka sani da wayo da cuta. Ita malama ce kuma mai taimako. Tun da saƙar barguna da dardumai tana cikin manyan sana'o'in matan Nabaho, girman da ake ba ta a bayyane yake.

Sai dai labarin yana da wani gefe da ake ba yara. Akan ce musu akwai wani dutse a kusa da ake kira Dutse Mai Magana, wanda yake kai ƙarar yara marasa jin magana. Idan ƙarar ta isa, sai Uwar Gizo-gizo ta sauko da zarenta ta ɗauke yaron zuwa sama, kuma farin da ake hangowa a kan dutsen ƙasusuwan irin waɗannan yara ne. A zahiri farin launin wani ɓangare ne na dutsen. Amma ga iyayen da suke renon yara a tsakanin gaɓoɓi masu zurfin ɗaruruwan mitoci da rafi mai ambaliya, labarin yana hana yaro yawon da zai iya halaka shi.

A 1956 wasu Amurkawa uku masu hawan duwatsu suka hau Dutsen Gizo-gizo har ƙololuwa. Daga baya hukumomin Nabaho suka haramta hawan irin waɗannan duwatsu a ƙasarsu. Har ila yau, akwai labaran da al'ada ba ta yarda a ba da su ba sai a lokacin sanyi, don haka baƙon da ya zo da zafi zai iya tambaya jagora ya yi shiru.

3.5 Abubuwan da Suke Ƙarfafa Labaran

Yanayin wurin da kansa yana taimaka wa labaran. Dogayen bangaye biyu masu fuskantar juna suna haifar da amsa-kuwwa, ta yadda maganar makiyayi ko kukan tunkiya daga nesa zai zo kamar daga cikin kogo ya fito. Iska idan ta ratsa ramukan dutse takan yi sauti mai kama da nishi. Da dare kuma sanyin da yake kwanciya a ƙasan kwari yakan sa sauti ya yi nisa fiye da rana. Ga kukan mujiya, wadda Nabaho suke ɗauka mai kawo mugun labari, ga kuma na koyoti, wani karen daji mai kama da dila. Akwai ma baƙaƙen layuka da suka zubo a jikin bangon kamar hawaye, waɗanda ba komai ba ne illa sinadaran ƙarfe da manganis da ruwa ya bari a tsawon ƙarnuka.

Ban da waɗannan, akwai labaran da baƙi suke ƙarawa da kansu, musamman a finafinai da intanet, game da mayun da ake cewa suna rikiɗa su zama dabbobi. Imani da irin waɗannan mayu yana nan a al'adar Nabaho, amma magana ce da ba a yin ta a fili, balle da baƙo. Yawancin abin da ake yaɗawa a kai ƙari ne na masu neman a saurare su, kuma ba ya cikin kashi ukun da aka kawo a sama.

3.6 Tsarin Ziyara da Haɗurran da Ke Cikinta

Mai ziyara yana da hanyoyi biyu na ganin Tseyi. Ta farko ita ce bin titunan da aka shimfiɗa a bakin gaɓa. Titin kudu, wanda zuwa da dawowarsa ya kai kimanin kilomita 60, yana ƙarewa ne a wurin hangen Dutsen Gizo-gizo. Titin arewa, mai kimanin kilomita 55, shi ne yake kaiwa wuraren hangen Kogon Busassun Gawarwaki da Kogon Kisan Gilla. Wannan hanya ba ta buƙatar jagora.

Hanya ta biyu ita ce sauka cikin kwarin da ƙafa ko a kan doki ko a mota mai jan ƙafa huɗu. Doka ta wajabta cewa wanda zai yi haka ya sami takardar izini, ya kuma kasance tare da jagora ɗan Nabaho mai lasisi ko ma'aikacin gandun. Shekaru da dama hanyar Farin Gida ce kaɗai aka keɓe daga wannan doka. Tsawonta kilomita 4 ne zuwa da dawowa, tana gangarawa kimanin mita 180, kuma takan ɗauki mutum wajen awa biyu. An rufe ta a 2020 lokacin annobar korona, ta kuma ci gaba da zama a rufe na wasu shekaru saboda matsalar tsaro. Don haka wajibi ne mai niyyar tattaki ya fara tambaya a ofishin baƙi da ke kusa da Chinle.

Dalilan dokar jagora guda uku ne. Na farko, ƙasan kwarin gidajen mutane ne da gonakinsu, kuma ba a ɗaukar hoton mutum ko gidansa ko dabbobinsa sai da izininsa. Na biyu, kare kufai da kaburbura. Shiga cikin gine-ginen ko ɗaukar ko da fasasshen kasko laifi ne a ƙarƙashin dokokin Amurka na 1906 da 1979, sannan dokar 1990 ta ba ƙabilu haƙƙin karɓo ƙasusuwan kakanninsu daga gidajen tarihi. A nan doka ta zo ta tarar da abin da imani da cindi ya daɗe yana yi. Na uku shi ne tsaron ran baƙon da kansa.

Babban haɗarin kwazazzabo a hamada shi ne ambaliyar bazata. Daga Yuli zuwa Satumba akan yi ruwan sama mai ƙarfi na ɗan lokaci, kuma tun da dutse ba ya shan ruwa, duk sai ya tattaru ya afka cikin kwari. Ruwan yana iya sauka a kan tudu mai nisa alhali inda mutum yake rana ce tarwai. Haka ta faru ranar 12 ga Agusta, 1997, a kwazazzabon Antelope da ke kusa da garin Page, shi ma a ƙasar Nabaho, inda masu yawon buɗe ido 11 suka rasa rayukansu. Ban da ambaliya, akwai jiƙaƙƙen rairayi mai zurmawa wanda yakan riƙe mota ko doki, da ƙishirwa a lokacin zafi, da santsin ƙanƙara a lokacin sanyi, da kuma bakin gaɓa da ba ko'ina aka yi masa shinge ba. Jagoran da ya tashi a wurin ya san inda ƙasa take zurmawa, ya kuma san alamun hadari a kan duwatsun Chuska. Da ma Bahaushe ya ce da ɗan gari akan ci gari.

Ana kuma son baƙo ya kiyaye wasu ladubba. Kada ya shiga da giya, domin an haramta ta a ƙasar Nabaho. Kada ya matsa wa jagora da tambayoyi a kan matattu ko mayu. Kada kuma ya ɗaga murya ko ya yi wasa a wuraren da aka kashe mutane.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an yi bayanin kwazazzabon Tseyi ta fuskar wurinsa da yanayinsa da al'ummomin da suka zauna a cikinsa. An nuna cewa labaran fatalwa da ake dangantawa da shi sun kasu gida uku. Imani da cindi ya tsara yadda masu rai za su zauna kusa da matattu, ya kuma taimaka wajen barin kufai yadda suke kafin zuwan baƙi. Labaran Kogon Kisan Gilla da Dutsen Ganuwa sun riƙe tarihin 1805 da 1864 ta bakin waɗanda abin ya shafa. Labarin Dutsen Gizo-gizo kuma yana girmama sana'ar saƙa, yana kuma tsare yara daga haɗari.

An kuma ga cewa dokokin ziyara, musamman wajabcin tafiya da jagora ɗan ƙabilar, sun dace da abin da labaran suke koyarwa na girmama matattu da kiyaye rai. Saboda haka duk mai nazarin irin waɗannan labarai, a Tseyi ko a wani wuri, ya kamata ya fara da tambayar su wa suka mallaki labarin, da kuma aikin da yake yi musu, kafin ya yanke hukunci a kansa.